Zomo ba ya kamuwa daga zaune: to, wanda ciwo ya zaunar fa?

Ya kai mai karatu, ka san karin maganar nan da ke cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune. Da ita uba ke tada ɗanshi ya tafi gona da sassafe. Da ita a ke zuga saurayi in an gama girbi, ya ɗauki jaka ya nufi Maraɗi, ko Kano, ko Agadas, cin rani. Magana ce mai kyau, ba ni da ja da ita. Amma akwai mutanen da in sun ji ta sai su sunkuyar da kai. Su ne waɗanda ciwo ya zaunar cikin gida. Ba ciwon kwana uku na ke nufi ba, ba na wata guda ba. Ina nufin ciwon da ya zo ya shimfiɗa tabarmarshi, ba shi da ranar tafiya.

Babu garin da babu su. Ka bi kwalta daga Gidan Runji zuwa Tibiri, ka wuce Maraɗi, ka bi ta Cadwa da Agye har Gazawa, ka ratse cikin ƙauyukan da mota ba ta zuwa sai ran kasuwa, ka yi sallama gida gida. Za ka tarar da magidancin da hawan jini ya shanye ma ɓarin jiki. Za ka tarar da saurayi mai amosanin jini, wanda wasu ke ce ma sikila: yau yana dariya da abokai, gobe ƙasusuwanshi sun ɗauki ciwo har ba ya iya juyawa. Ga matar da doguwar naƙuda ta bar ma yoyon fitsari, ta daina zuwa biki da suna don kunya. Ga wanda kuturta ta taɓa ma yatsu tun kafin ya sami magani. Da yawa cikinsu hankalinsu garau ya ke. Wasu ma sun zauna tare da ku a ajin yaƙi da jahilci, sun iya karatu, sun iya lissafi, kafin ƙafa ta ƙi kai su.

Tun farko bari in ce wani abu. Ba duk ciwon da ya daɗe ne ba shi da magani. A Danja, kudu da Maraɗi, akwai asibitin kuturta da mishan ta SIM ta kafa tun 1956, kuma a 2012 anka buɗe sashen aikin yoyon fitsari a nan wurin. Mata da yawa ɗinki ke warkar da su. Maganin kuturta kuwa kyauta ne tun 1995, ana shan shi wata 6 ko wata 12. Wanda ciwonshi ke da magani, a kai shi likita, wannan shi ne taimako na farko. Maganata ta yau kan wanda anka kai, anka yi abin da a ke iyawa, ya dawo gida ya zauna.

Mutum irin wannan, me ya kamata mu miƙa mishi? Sadaka, ko aiki?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce: "Haba Malam, ka ji tsoron Allah! Mutum yana fama da ranshi, ka ce ya yi aiki? Ina amfanin dangi?" Mai wannan magana ba mugu ba ne. Tausayi ya sa shi faɗi, kuma bisa wannan tausayi garuruwanmu ke tsaye. Manomi ba shi da albashi, ba mai biyanshi in ya kwanta. Ƙwaryar tuwon da ke fitowa daga gidan wa zuwa gidan ƙane, ita ce asusunshi. Allah ya bar zumunci.

Amma ka koma gidan bayan shekara biyu ka duba. Tuwo na zuwa, ba a fasa ba. Abin da ya daina zuwa shi ne shawara. Za a sai da akuya, ba a tambaye shi ba. Za a ba da ɗiyarshi aure, sai an gama magana a zaure a shigo a shaida mishi. In ya buɗe baki, a ce: "Baba, kai dai huta." Da can shi ke buɗe rumbu ya auna ma mata hatsi, yanzu ɗan ƙanenshi ke yi. Ba wanda ya zage shi. An dai ajiye shi ne, kamar tsohuwar garma bayan ɗaki. Mutum na iya ƙoshi da tuwo ya kwana da wata yunwa, ta son wani ya yi sallama ya ce: "Wane, muna bukatarka." A ganina wannan yunwa ta fi saurin karya zuciya. Don haka ni ina bayan aiki, in dai jiki ya yarda, ba tare da an janye ƙwaryar tuwo ba.

To, wane aiki mutum zai yi bai fita ƙofar gida ba?

A 2020 cutar korona ta game duniya. A Nijar an sami mutum na farko da ya kamu ran 19 ga watan Maris. Can Faransa da Ingila da Amurka, manyan ma'aikatu sunka ce ma ma'aikatansu kowa ya zauna gida, ya yi aikinshi da kwamfuta da intanet, albashi na zuwa yadda ya saba. Cikin ƴan kwanaki anka shirya abin. Naƙasassu da masu doguwar jinya na ƙasashen nan sunka ce: ashe ana iyawa! Shekara da shekaru suna roƙon a bar su su yi aiki daga gida, ana ce musu ba ya yiwuwa. Da ciwo ya tsorata masu lafiya, sai ya yiwu. Ka ga ke nan ba rashin na'ura ya hana su tun farko ba. Masu ba da aiki ne ba su yarda ba.

Mu nan ƙasar Hausa, aiki daga cikin gida ba baƙonmu ba ne. Tambayi kakarka. Matar da ke cikin kulle ba ta taka kasuwa ba, amma man gyaɗarta da ƙuli-ƙulinta na kasuwa, furarta na tasha, tabarmar da ta saƙa da kabar Gulbin Kaba ta kai wani gari. Wata Baturiyar Ingila mai bincike, Polly Hill, ta zauna Batagarawa kusa da birnin Katsina. A 1969 ta rubuta labarin wannan ciniki, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Ta ga hatsi da abinci masu yawa na canza hannu daga gida zuwa gida ba su bi ta kasuwa ba, mata na saidawa daga cikin ɗakunansu, yara na kai da kawowa. Abin da ta gani can shi ne abin da kai ma ka ke gani a Gangara, ko Shadakori, ko Sa'e Sabuwa.

Me ke riƙe da wannan ciniki? Hannun mai sana'a, i. Amma akwai ƙafar wani, akwai kuma yarda. Mai saye ya yarda da furar da bai ga damunta ba. Mai fura ta yarda bashi za a biya ran da anka ce. Wanda ciwo ya zaunar, hannunshi na nan, ko kanshi na nan. Abin da ya rasa shi ne ƙafar da za ta kai aikinshi, da mutumin da zai yarda ya ba shi aikin. Su biyun nan wurinmu su ke, mu masu lafiya.

Sai dai maganar ƙafa na da ƙaya. Ƙafar da ta saba kai talla, ta yarinya ce ƴar shekara tara ko goma. In munka ce mara lafiya ya yi sana'a daga ɗaki, sa'an nan munka cire ɗiyarshi daga lakwal ta wuni da tire bisa kai, mun tada mutum guda mun zaunar da wani. Ni malamin manya ne. Ina ganin matan da ke zuwa koyon baƙaƙe da shekara talatin da goyo a baya, don talla ya cinye musu lokacin lakwal. Ba na son mu ƙara yawansu da sunan taimako. Aike ya bi hannun babba: maƙwabcin da dama za shi kasuwa, mai amalanke, ɗan kabu-kabu, dillaliya. A ba shi la'adarshi.

Wayar salula ta rage wannan nauyi ƙwarai. A ƙasarmu ta fara bazuwa a 2001. Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta tarar inda waya ta shiga, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili, ɗan kasuwa ba sai ya hau mota ya je ya gano da idonshi ba, sai ya buga ya tambaya. Dubi abin da wannan ke nufi ga mutumin ɗaki. Rabin aikin dillali tambaya ne da amsa. Nawa tiyar aya yau a Cadwa? Wa ke da buhu goma na wake a Gazawa? Motar wa za ta Maraɗi gobe da sauran wuri? Mutumin da ya yi shekara ashirin yana yawon kasuwanni kafin ya kwanta, ya san mutane, ya san mai gaskiya da mai wasa da awo. Wannan sani bai shanye tare da ƙafarshi ba.

Akwai ƙananan ayyuka da ba sai na yi ta lissafa maka ba, ka fi ni saninsu: faranti guda na hasken rana bisa rufin ɗaki da cajin wayoyin unguwa, sai da katin waya, ɗinkin hula, tufkar igiya, ɓarar gyaɗa, tsince aya. Wanda na fi so in ja hankalinka gare shi, na masu karatu ne. Mutane da yawa na riƙe da waya ba su iya karanta saƙon da ya shigo. Ɗansu ya aiko kuɗi daga Libiya ko Legas, ba su san nawa ba ne. Suna bukatar ido mai amana, kuma wanda kullum ana tarar da shi wuri guda. Ga asusun Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, har ƙasashe da yawa sunka kwaikwaya. Mata na taruwa kowane sati su zuba. Me zai hana taron ya zauna tsakar gidan wadda ba ta iya fita, ita ta riƙe lissafi?

Samari masu babbar waya za su ce mini: "Malam, ka tsaya kan hula da igiya, alhali akwai aiki a intanet, ana biya da dalar Amurka, ba irin dalarmu ta tamma biyar ba." Gaskiya ne, akwai. Ana neman masu fassara, da masu rubuta magana, da masu ɗaukar murya cikin Hausa don a koya ma na'ura. Tun 2013 Hausa ta shiga na'urar fassara ta Google. Wanda ya yi lakwal mai zurfi ya nema, ban hana ba. Amma ya shiga da idonshi buɗe. Mafi yawan aikin nan sai da Faransanci ko Ingilishi, da kwamfuta, da ajiya a banki, da wutar da ba ta ɗaukewa. Babban rabon wutar Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa ya saba zuwa. A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke ta, sai watan Maris na 2024 ta maido. Baturen da ke jiran aikinshi da safe bai san Gazawa ba, bai san an ɗauke wuta ba.

Ga kuma macuta. Ba su da abincin da ya fi mutumin ɗaki, don yana da lokaci, yana da buri, yana kuma jin kunyar ya tambayi wani. Saƙo zai shigo ta WhatsApp ko Facebook: ka sami aiki, jikka goma kowace rana, daga kwance. Sai ka zuba jikka biyar na rajista. Ko ka aiko lambar sirri ta asusun wayarka. Ko ka kawo mutum uku su ma su zuba. Ɗan uwa, ka taɓa ganin ɗan ƙwadago ya biya mai gona kafin ya kama haiwa? Aikin da ya fara da karɓar kuɗinka ba aiki ba ne. Abin baƙin ciki, kuɗin da ke tafiya sau da yawa na magani ne, ko rance ne daga asusun mata.

Yanzu ga tambayar da ta fi wuya, kai mai jinya da ke karanta wannan. In kana neman aiki ta waya, mai ba da aiki bai gan ka ba. Ka faɗa mishi ba ka da lafiya, ko ka yi shiru?

Wasu na cewa ka yi shiru, don in ka faɗi ba ka samu. Ba ƙarya su ke ba. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ce mai ɗaukar ma'aikata ya ware ma naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Doka ce mai kyau, amma ofis ta sani, ba ta san rumfar Alhaji ta bakin tasha ba. Wasu kuma na cewa tilas ka faɗi kome, kamar yadda mai sai da rago ba ya da izinin ɓoye aibinshi. Ni ban bi ko guda cikinsu duka duka ba. Mutum ba rago ba ne. Sunan ciwonka sirrinka ne. Matar da ke da yoyon fitsari ba ta da bashin labari ga wanda ya ba ta ɗinkin hula. Amma abin da ya shafi aikin, hakkin mai aiki ne ya sani, kuma abin da ya shafi aiki shi ne ranaku.

Ɗauki mai amosanin jini. Ya san sanyin hunturu na tada mishi ciwo, da zazzaɓin cizon sauro na damina, da ƙishirwa, da aikin ƙarfi. Bai san ranar ba, amma ya san tana zuwa. To, ya ce: "Alhaji, ina iya riƙe maka littafin bashi, lissafina ba ya tashi. Amma jikina na da ranaku. Wani lokaci sai in kwana uku ban ɗaga kai ba. In haka ta faru, ƙanena zai buga maka tun da safe, ya karɓi aikin ko aikin ya jira ni." Alhaji na iya ƙi. Wannan na da ciwo, ban ce babu ba. Amma wanda ya ɓoye, ran kasuwa ta zo, mota na tsaye Tibiri da kaya, ana ta buga wayarshi ba amsa, ba kanshi kaɗai ya ɓata ba. Gobe wani mara lafiya zai zo neman aiki, Alhaji ya ce: "Wancan ma haka ya yi mini."

Kai kuma mai ba da aiki, taka jarabawar wurin biya ta ke. Hular da a ke ɗinka maka jikka biyu a kasuwa, sai ka ba shi jikka guda, ka ce a ranka: "Ai taimakonshi na ke yi." Ka san ba ya iya tashi ya je rumfa ta gaba ya yi ciniki, shi ya sa ka rage. Wannan zalunci ne da ya ari rigar sadaka, kuma ya fi zaluncin fili muni, don wanda anka cuta sai ya yi godiya. Ka biya farashin kasuwa. In kana son yin sadaka, ka ba da ita daban, ya san wannan guminshi ne, wancan alherinka ne. Kuma ku yi jinga bisa aiki, ba bisa wuni ba: hula guda kaza, tabarma guda kaza, buhun da ya haɗa ka da mai saye kaza. Jikin da ke aiki yau ya ƙi gobe ba ya ɗaukar alkawarin wuni. Tun da kun iya rubutu, ku rubuta, kowa ya riƙe takarda.

Kada wani ya maida wannan takarda bulala. Kada ka shiga ɗakin ɗan uwanka ka ce: "Ga wane can yana kwance yana samun kuɗi, kai me ka ke yi?" Ciwo ba iri guda ba ne. Akwai gajiyar da ido ba ya gani, mutum ya yi magana ta minti goma a waya ya kwana biyu yana biyan bashinta. Mai jikin da likita, su ne masu cewa ya iya ko bai iya ba. Wanda bai iya kome ba, tuwonshi da zakkarshi hakkinshi ne, ba gori. Shi ma in za a sai da akuya a tambaye shi.

In kaka ta yi, garuruwa da yawa na zama su zaɓi kwamitin bankin cimaka. Kun san yadda a kan yi wurin zaɓen magatakarda. A ɗauki saurayi mai jini a jika don ya iya rubutu. Ya cika shafi uku, sanyi ya shigo, ya ɗauki jaka ya tafi cin rani, wani lokaci har da littafin. Bazara ta yi, rumbuna sun bushe, za a buɗe sito, ba wanda ya san tiya nawa ta shiga, wa ya ci bashi, wa ya biya. Sai gardama, sai zargi. Alhali bayan masallaci akwai mutumin da ya iya rubutu, wanda za a tarar cikin ɗakinshi da kaka, a tarar da shi da hunturu, a tarar da shi da bazara. Makulli ya zauna hannun wani, kuɗi hannun wani, shi nashi littafi da bik da fitila. Ran awo, ma'auni da shaidu biyu su zo ƙofar ɗakinshi da la'asar, a shimfiɗa tabarma, su faɗi ya rubuta, ya karanta musu da ƙarfi kowa ya ji. Kwamiti ya yanke mishi ladanshi da tiya tun ranar zaɓe, a sa shi shafin farko na littafin.